Tun Ran Gini Ran Zane: A Auna Ruwan Burtsatse Kafin A Sha

Babu mai musun alherin da rijiyar burtsatse ta kawo wa ƙasar Hausa. Ita ce ta raba ƙauyuka da yawa da shan ruwan kududdufi, ta rage amai da gudawa, ta kuma taimaka wajen kawar da kurkunu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da wannan cuta. To, amma nasarar ta haifar mana da wani sakaci: mun ɗauka duk ruwan da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa garai-garai lafiyayye ne. Ra'ayina shi ne, bai halatta a miƙa wa jama'a kowace rijiya ba sai an auna yawan sinadarin fuloraid da ke cikinta.

Shi fuloraid daga duwatsu yake narkewa ya shiga ruwa, musamman inda ruwa ya daɗe kwance a cikin duwatsu masu tauri, kuma inda sinadarin kalsiyam ya yi ƙaranci. Ba shi da launi, ba shi da wari, harshe kuma ba ya jin ɗanɗanonsa. Kaɗan daga cikinsa yana da amfani, domin yana ƙarfafa haƙori ya hana shi ruɓewa. Shi ya sa ake sa shi a man goge baki. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi masa iyaka, wato miligiram 1.5 a kowace lita ta ruwan sha. Mai karatu ya lura, mu mutanen ƙasar zafi mun fi na ƙasar sanyi shan ruwa, saboda haka abin da ke shiga jikinmu a wuni ya fi nasu ko da ma'aunin ruwan ɗaya ne.

In ya wuce iyaka, haƙori ne ke fara ba da labari. Yaron da ya sha irin wannan ruwa tun daga haihuwa zuwa wajen shekara 8, lokacin da haƙoransa na girma ke ginuwa a cikin dasashi, sai su fito da farin tabo kamar an ɗiga alli, daga baya su rine su koma ruwan ƙasa, wasu ma su yi ramuka. Asuwaki ba ya fitar da wannan tabo, domin a cikin ginin haƙorin yake. An daɗe da sanin haka a yankin Kaltungo ta Jihar Gombe, da Langtang ta Jihar Filato, da gundumar Bongo a arewacin Gana.

Mafi muni shi ne abin da ke faruwa ga ƙashi. Fuloraid yana maƙalewa a cikin sinadaran da ke gina ƙashi, ya taru shekara da shekaru, sai ƙashi ya yi kauri amma ya rasa ƙwari, gaɓoɓi su sandare, ƙashin baya ya ƙi lanƙwasuwa. Garin Tibiri na Gobir, kusa da Maraɗi, ya ga wannan masifa. A 1985 aka fara ba mutanen garin ruwa daga wata rijiya mai zurfi, wadda daga baya aka gano fuloraid ɗinta ya ninka iyakar nan sau uku ko fiye. An fi shekara 10 ana shan ruwan kafin a gane dalilin da ya sa ɗaruruwan yara ƙafafunsu suka lanƙwashe, wasu kawunansu suka yi girma fiye da kima. Garin neman gira aka rasa ido, kuma nakasar da ta riga ta zauna a ƙashi da wuya ta gyaru.

Wani zai ce ai kuɗin awo ƙarin nauyi ne a kan aikin da da ƙyar ake samun kuɗinsa. Amsa ita ce, kuɗin auna kwalba ɗaya ta ruwa bai kai komai ba idan aka kwatanta da kuɗin haƙa rijiyar kanta, balle da rayuwar yaron da zai ƙare da sanda. Wani kuma zai ce sai a tafasa. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta taɓa fuloraid. Hasali ma ruwa ne ke tashi ya bar shi, ƙarfinsa ya ƙaru.

Magani akwai shi. Inda awo ya nuna yawa, ana iya neman wata rijiyar, ko a gauraya ruwan da wani mai ƙarancin fuloraid, ko a tara ruwan sama domin sha da girki, a bar na burtsatsen ga wanka da wanki. Ana kuma iya tace shi da gawayin ƙashin dabbobi, kamar yadda ake yi a Kenya da Habasha, ko da alam da farar ƙasa bisa dabarar Nalgonda ta Indiya.

Saboda haka ina kira ga hukumomin ruwa su mayar da awon fuloraid sharaɗi kafin a biya ɗan kwangila, a kuma rubuta sakamakon a jikin rijiyar kowa ya gani. Attajirai da ƙungiyoyi masu haƙa rijiya domin sadaka su ma wannan ya hau kansu. Sassan kimiyya na jami'o'inmu kuwa su tura ɗalibai su auna rijiyoyin ƙauyuka, su zana taswirar wuraren haɗari. Malaman firamare da ma'aikatan asibiti, in sun ga yaran unguwa ɗaya da rinannun haƙora, su tuhumi rijiya tun kafin abin ya kai ga ƙashi. Allah ya ba mu ikon gyarawa.