Daga Lau Zuwa Libaful: Ina Labarin Waɗanda Suka Bi Hanyar Ruwa?

Duk wanda ya ji an ambaci jirgin ruwan yawon buɗe ido a zamanin nan, hankalinsa yakan tafi Bahar Rum ko tsibiran Karibiyan, domin can ne labarun matafiya suka cika mujallu da talabijin. Gaɓar tekunmu ta Afirka ta Yamma kuwa ba a cika zancenta ba, ko da yake irin waɗannan jirage sukan yada zango a Dakar da Banjul da Takoradi da Lome da Kwatano. Wanda ya so ya ji yadda tafiyar take daga bakin wanda ya yi ta, sai ya sha wuya kafin ya samu. Wannan ƙarancin labari tsoho ne, kuma ya shafe mu nan Jalingo fiye da yadda mai karatu zai zata.

Kafin motoci su mamaye hanyoyi, ƙofar ƙasar Muri zuwa duniya ita ce kogin Binuwai. In ruwa ya cika da damina, jiragen kamfani sukan hauro daga Burutu da Warri, su wuce Lokoja da Makurɗi, su tsaya Ibi da Lau da Numan da Yola, har su kai Garwa ta ƙasar Kamaru. Sukan kawo gishiri da kananzir da yadi, su koma da gyaɗa da auduga da riɗi da ƙirgi. A bakin teku kuma akwai manyan jirage na kamfanin Elder Dempster, masu tashi daga Ikko su bi ta Gana da Saliyo da Las Palmas, su isa Libaful ta Ingila cikin kamar mako biyu. Watau mutum yana iya barin Lau ya kai Turai, kusan tafiyar duka a kan ruwa.

To, in mutum ya tashi neman labarin wannan hanya, abin da zai fara cin karo da shi rubutun baƙi ne. A shekarar 1854 jirgin nan mai suna Pleiad ya shigo daga teku ya hauro Binuwai a ƙarƙashin Dakta William Baikie, har suka ziyarci Sarkin Muri a Hamaruwa. Tafiyar ta yi suna ne saboda sun riƙa shan kwinin, suka koma ba wanda zazzaɓi ya kashe. Baikie ya buga littafinsa a 1856, Samuel Ajayi Crowther kuma, wanda yake cikin jirgin, ya buga nasa a 1855. Haka nan a 1892 hafsan Faransa Louis Mizon ya hauro da jiragensa da igwa, ya taimaki Sarkin Muri Muhammadu Nya a yaƙin Kona, bayan haka Jalingo ta zama mazaunin sarauta a 1893. Ashe ke nan kafuwar garin namu ma tana da alaƙa da jirgin da ya fito daga teku.

Waɗannan rubuce-rubuce suna da amfani, ba mai musun haka. Amma mai kallo daga benen sama na jirgi abin da idonsa ya kai kaɗai yake faɗi. Ya auna zurfin ruwa, ya ƙidaya itacen da aka saya don hura injin, ya rubuta sunayen garuruwa yadda kunnensa ya ji. Tafinta da ma'aikacin injin da ɗan fito da matar da ta kawo kifi bakin gaɓa, su sai dai a ambace su a wuce. Alhali kuwa su ne suka fi yawa a hanyar.

Mu duba su wane ne mutanenmu da suka bi ta. Akwai fataken goro, waɗanda tun farkon ƙarni na 20 suka gane cewa jirgin ruwa daga Ankara ta ƙasar Gana zuwa Ikko ya fi ayarin jakai sauri, kuma Alhasan Ɗantata yana cikin waɗanda suka yi fice da wannan dabara. Irin waɗannan matafiya a filin jirgi suke shimfiɗa tabarmarsu, tare da tukwanensu da kayansu, rana da ruwan sama duk a kansu. Akwai Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya bi ta Ingila zuwa aikin Hajji a 1921. Akwai dubban sojojin Arewa da aka ɗiba daga Ikko a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka kai su Indiya, daga can suka shiga dajin Bama. Akwai kuma ɗaliban da suka tafi karatu Ingila cikin jiragen Accra da Apapa da Aureol.

Daga cikin wannan taro duka, abin da aka rubuta da Hausa bai taka kara ya karya ba. Wanda aka fi sani shi ne Tafiya Mabuɗin Ilmi na Alhaji Abubakar Imam, labarin zuwansa Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ana tsakiyar yaƙi. Kafin shi akwai Dorugu, yaron nan ɗan ƙasar Damagaram da ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855 ta hamada da Bahar Rum. Shi Dorugu da baki ya ba da labarinsa, wani malamin mishan mai suna Schön ya rubuta, aka buga cikin Magana Hausa a 1885. Abin lura a nan shi ne, da ba a sami mai zama da alƙalami a gabansa ba, da yau ko sunansa ba mu sani ba.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya katse zirga-zirgar jirage a kogin, bayansa kwalta da manyan motoci suka ƙwace kaya. Jirgin sama ya ƙwace fasinjan teku, har Aureol ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a 1974. Wanda ya shiga jirgin nan yana ɗan shekara 20 a wannan shekara, yau ya haura 70. Wanda ya yi dako a tashar Lau ko Ibi lokacin da jiragen kamfani suke zuwa, shi ma tsufa ya cim masa. Kowace shekara akan binne wasu daga cikinsu tare da abin da suka gani.

Saboda haka ga shawara. Takardu suna nan ga mai himma, a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House, da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda aka fara bugawa a 1939, har da takardun kamfanin Elder Dempster da ke ajiye a Libaful. Amma takarda tana iya jira, tsoho ne ba ya jira. Ya kamata Jami'ar Jihar Taraba da ke nan Jalingo, tare da fadar Muri da gidajen rediyo, su tura ɗalibai Lau da Ibi da sauran garuruwan bakin kogi su ɗauki muryoyin dattawa, maza da mata, da Hausa da Fulatanci da Jukunanci da duk harshen da mai labari ya fi sakewa da shi. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ta isa wannan aiki.

Sai dai a yi hattara wajen tambaya, domin gani ya kori ji. A bambanta wanda ya ce "na gani" da wanda ya ce "an ce". A tambayi sunan jirgi da shekara, ko abin da ya faru a shekarar in ba a tuna lamba ba. A tambayi kuɗin jirgi, da inda aka kwana, da abin da aka ci, da yadda aka gane alƙibla a tsakiyar teku, da yadda aka yi da wanda ya rasu a hanya. Mai shaci-faɗi a kan irin waɗannan ƙananan abubuwa yake tuntuɓe, wanda ya yi tafiyar kuwa su ne ba ya mantawa. Daga nan sai a gwada maganarsa da abin da ke cikin takardu.

Kai kuma mai karatu, ko a Kano kake ko Sakkwato ko zangon Kumasi, in akwai dattijo a gidanku da ya taɓa hawa jirgin ruwa, ka zauna da shi cikin makon nan. Ka duba akwatinsa, wataƙila akwai tsohon tikiti ko hoto ko wasiƙar ajami. Abin da ka samu ka rubuto mana, za mu ba shi wuri a wannan fili. Allah Ya ƙara wa dattawanmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.