Wa Zai Kori Mai Shayi?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da ta tashi a ɗakin kwananmu ran nan da dare, bayan an buga ƙararrawar kashe fitila. Wani ɗan ajinmu, mutumin birni, ya dawo hutu yana ta ba mu labarin gidajen abincin zamani na Kano, irin su Chicken Republic da Domino's Pizza, inda da shigarka sanyin na'ura zai buge ka, ka nuna hoton abin da kake so, kafin ka gyara zama an miƙo maka. Ya ƙare da cewa wai nan da shekara goma ba za a sami mai shayi ko ɗaya a bakin titi ba, sai dai a ba yara labari. Aka bushe da dariya. Ni kam ban yi ba, domin kawuna mai shayi ne a Kura, kuma sabulun da nake wanke kayan makaranta da shi, da littafin da nake wannan rubutu a ciki, duk daga teburinsa suka fito. A daren bakina ya yi nauyi. To ga amsata yanzu, a gaban 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Sai an san Kura kafin a san mai shayinta. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka jawo ruwa ta kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, mutanenmu suka manta da zaman kashe wando na rani. Ana gama yankan shinkafa sai a shiga tumatir da albasa da alkama da masara, gona ba ta hutawa, mai gona ma haka. Mai irin wannan aiki kuwa ba ya jiran gari ya waye. Kawu yakan hura wuta tun kafin kiran assalatu, ana sallame sallar asuba benci ya cika: ga 'yan ƙwadago masu zuwa dashe, ga masu ban ruwa da suka kwana a gona suna rawar ɗari, ga direbobin da za su yi lodin kwandunan tumatir a Kwanar Gafan su miƙi hanyar Legas. Ina gidan abincin da zai buɗe wa waɗannan ƙofa a wannan lokaci, da taɓo har gwiwa?

Na yi hutu huɗu ina taya shi wanke kofuna, saboda haka abin da zan faɗa gani na yi, ba ji ba. Kawu ba ya tambayar mutum me zai sha. Yana hango tafiyarka ya san naka. Wannan ruwan bunu yake so da citta da kanumfari, wancan sai mai kauri da madarar gwangwani, tsohon can kuwa likita ya hana shi sukari, ko ya roƙa ba za a sa masa ba, sai dai su yi ta cacar baki ana dariya. Direban da zai kwana a hanya shi ne mai neman Nescafe, domin a wajenmu in ka ce kofi, mazubin ake nufi, ba abin da ke ciki ba. Yana sheƙa shayi daga wannan kofi zuwa wancan, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa, ko ɗigo ba ya zuba, ido kuma na kan ƙwan da ke cikin kasko.

Malaminmu na darasin kasuwanci ya taɓa ba mu labarin wani kamfanin sayar da gahawa na Amurka, Starbucks, wanda aka kafa a 1971. Ya ce da masu gidajen abinci irin su McDonald's suka ga ana samun kuɗi, sai su ma suka shiga sayar da gahawa da araha, aka yi ta ƙwacen masu saye. Ɗaya daga cikin dabarun Starbucks ita ce a tambayi sunanka a rubuta a jikin kofi, don ka ji kamar an san ka. Da na ji haka sai na ce a raina, ashe abin da manyan kamfanoni ke kashe kuɗi suna koya wa ma'aikatansu, Kawu kyauta yake yi. Shi ba ya bukatar tambaya. Ya san sunanka, ya san na ubanka, ya san gonar da kuka jinginar bara.

Amma babban abin da ke riƙe da teburin nan ba shayi ba ne, wani tsohon littafi ne mai bango baƙi da ke ƙarƙashin gwangwanin sukari, wanda Kawu ke rubutu a ciki da ajami. Littafin bashi ke nan. Manomi ba albashi gare shi ba, kuɗinsa sai an yi girbi, cikinsa kuwa bai san da wannan ba. Sai ya sha a rubuta, ranar da ya kai shinkafa kasuwa ya zo ya biya, wani lokaci ma har da kwanon shinkafa na ihisani. A farkon 2023, lokacin da aka canja takardun naira kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a, na ga masu kuɗi a banki sun rasa na karin kumallo, a tura ta waya kuma abin ya ƙi tafiya. Kawu bai kori kowa ba, littafin ne ya cika har aka ƙara wani. Ba na ganin laifin yarinyar da ke tsaye bayan kanta a gidan abincin zamani in ta ce ba ta ba da bashi, ai ba kayanta ba ne, kuma gobe ana iya mayar da ita wani reshe. Wanda zai ba ka bashi sai wanda ya tabbata zai gan ka a masallaci gobe.

To, amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Abokin gardamata yana da gaskiya a wuri biyu, kuma ba zan ɓoye ba ko da Kawu zai sa a karanta masa wannan mujalla.

Na farko tsabta. Roba ɗaya ta ruwa ake tsoma kofuna a ciki tun asuba har hantsi, ruwan ya koma kamar kunu, a tsame kofi a yarfe a zuba wa na gaba. Ni da hannuna na yi haka. Da muka yi darasin cututtukan da ake ɗauka ta ruwa, irin su kwalara da taifot, sai da kunya ta kama ni a aji ba wanda ya san dalili. Ga ƙuda a kan burodi, ga ƙurar manyan motocin hanyar Zariya. A nan kam mutanen birni sun yi mana nisa.

Na biyu ya fi damuna. Ƙanwata ba ta taɓa zama a bencin Kawu ba, alhali kawunta ne kamar yadda yake nawa. Teburin mai shayi majalisar maza ce, mace sai dai ta aiko yaro da kwano. Ran da wani yayanmu ya kai mu gidan abinci a birni da ƙaramar salla, na ga magidanci zaune da matarsa da 'ya'yansa a teburi ɗaya, ƙanwata kuwa har yau ba ta daina zancen ba. Kuɗin da yayan namu ya biya a zama ɗaya zai ba mu shayi da burodi da ƙwai na kwana da kwanaki, amma ita ba wannan take lissafawa ba. An ba ta kujera, shi ke nan.

Duk da haka ban yarda waɗannan gidaje ne za su kori mai shayi ba, domin ba mutum ɗaya suke nema ba. Wancan wurin zuwa ne ran salla, wannan kuwa na kullum ne. Girma ma ba ya hana faɗuwa. Mr Bigg's ya fara a Legas a 1986, ya bazu ko'ina har iyayenmu suka ɗauka ba mai ture shi, yau rassansa sun ragu ƙwarai. Shoprite da ke Ado Bayero Mall ya rufe a farkon 2024. Benci kuwa yana nan.

In kana son ka ga abokin hamayyar Kawu, ba sai ka je birni ba, ka tsallaka titi. Wani saurayi ya kafa teburi a can, ya sayi ƙaramin janareta da talabijin, ana kallon ƙwallo ana cajin waya, samari duk sun koma wajensa. Shi ne ya tilasta wa Kawu dafa Indomie, bayan ya daɗe yana cewa wannan abincin yara ne. Ɗaya abokin hamayyar kuma tsada ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, madara da sukari da burodi suka yi ta hawa, masu shan mai kauri suka koma ruwan bunu, masu ƙwai biyu suka koma ɗaya. Abin takaici, muna zaune a tsakiyar gonaki, amma in ka ɗebe albasa da tumatir da attaruhu da ƙwai, kusan kome na kan teburin nan daga nesa mota ta kawo shi.

Na taɓa kai wa Kawu maganar abokin nan nawa, ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, ai shayin ma baƙo ne. Kakanka koko da ƙosai ya sani, da fura in rana ta yi. Mu muka ƙwace wa masu koko safiya, ka ji sun mutu?" Na duba gefe, sai ga mai ƙosai tana ta suya, mutane na saye suna kawowa bencinmu suna ci da shayi.

Na tara ɗan abin da ake ba ni na kashewa a zangon nan, in an yi hutu zan sayi roba biyu da murfin burodi, ɗaya ta sabulu ɗaya ta ɗauraya. Na san zai yi ƙorafin kuɗin ruwa. Shi kuma abokina na gayyace shi Kura hutun sanyi, ya kwana gidanmu mu fita da asuba. Na ce masa kada ya riƙo ko sisi, za a sa shi a littafi.