Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwamnan Jihar Legas Kan Dokar Gini a Bakin Ruwa

Mai girma Gwamna Babajide Sanwo-Olu,

Ina rubuto maka ne daga Zangon Agege, inda kakanninmu suka sauka da fataucin goro da shanu tun zamanin da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano. Wani zai ce me ya haɗa mutumin Agege da gaɓar teku, alhali ko ƙarar igiyar ruwa ba ya ji daga ɗakinsa? Amsar ita ce 'yan'uwanmu sun bazu har bakin ruwa: masu dako da masu kayan gwari na Mile 12, masu gadi da masu sayar da ruwa a Lekki da Ajah. In an zo rusau, da su ake kwashewa, kuma a ɗakunanmu na Agege suke kwana washegari.

Ranka ya daɗe, ba na jayayya da dokar kanta. Ƙa'idar tsara gine-gine ta jihar nan ta ce a bar ratar mita 150 daga teku, mita 50 daga tafkin Legas, mita 15 daga kogi, kafin a aza tubali. Wannan hankali ne. Duk wanda ya ga yadda Agiliti da Ajegunle ta hanyar Ikorodu suke nutsewa idan aka saki ruwan madatsar Oyan ya biyo kogin Ogun, kamar yadda aka yi a 2010, ya san ruwa yana da hanyarsa, kuma ba ya manta ta.

Damuwata ita ce wannan rata a takarda kawai take. Je ka bakin kowane rafi a garin nan, ba za ka ga turke ko allo da ke nuna inda iyakar ta tsaya ba. Talaka ba ya sanin ya shiga hurumin ruwa sai ranar da ya wayi gari ya ga jan fenti a bangonsa. Wani ƙanena ya tara kuɗin dako na shekara shida, ya biya masu cewa ƙasar ta kakanninsu ce, waɗanda ake kira omonile, suka yanka masa fili kusa da wani rafi, suka ba shi rasit. Ya yi harsashi, ya ɗora bulo har ya kai taga, babu jami'in da ya ce masa kanzil. Sai da ya rufa kwano, matarsa ta tare, sannan katafila ta zo. Waɗanda suka karɓi kuɗinsa suna nan suna yawonsu, har sun sayar wa wani da filin gaba. Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Hukuma ta bar ranar zanen ta wuce, ta zo da guduma.

Abu na biyu ya fi ciwo, kuma dole in faɗe shi. A watan Yulin 1990, gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe Maroko, aka raba mutum kusan 300,000 da muhallinsu, da hujjar cewa wurin ƙasa-ƙasa ne, ruwa zai ci su. Yau filin nan yana cikin mafi tsada a Najeriya. A Yulin 2012 an ba mutanen Makoko wa'adin awa 72 su tashi. Tsakanin Nuwamban 2016 da Afrilun 2017 an tashi masuntan Otodo Gbame sama da 30,000, har Babbar Kotun Legas, ta bakin Mai shari'a Onigbanjo, ta yanke a Yunin 2017 cewa korar mutane haka ba tare da sake tsugunar da su ba ya saɓa wa tsarin mulki. A daidai waɗannan shekaru ne ake zuba yashi a tsohuwar Bar Beach ana gina Eko Atlantic a cikin tekun kansa, ana cike dausayin Lekki ana kafa rukunin gidaje. Idan kusantar ruwa haɗari ne ga mai baca, ta yaya ya zama ado ga mai bene? Dausayin da ake cikewa shi ne ke shanye ruwan damina, kuma in an toshe shi ruwan ba ya ɓacewa, unguwar marasa ƙarfi yake komawa.

Ga kuma ruɗanin masu iko biyu. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, amma dokar hukumar hanyoyin ruwa ta tarayya, NIWA, ta ba hukumar hurumin mita 100 daga gaɓa, kuma a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa tarayya iko da hanyoyin ruwan. Ɗan kasuwa mai lauya zai iya gane bakin zaren. Mai tura baro fa?

Roƙona, ranka ya daɗe, ka sa ma'aikatar tsara birane da ta raya bakin ruwa su zauna da NIWA su fitar da layi guda, a kafa turakun siminti a kansa kowa ya gani, a rubuta gargaɗi da Yarbanci da Egun da Hausa da Turanci. A kai taswirar fadar Sarkin Hausawan Agege da ofisoshin shugabannin kasuwanni, a sanar a masallatan Juma'a. Wallahi cikin mako guda labarin zai kai kunnen ɗan ci-ranin da ya sauka jiya. A hukunta mai sayar da filin da ke cikin hurumi da jami'in da ya kawar da kai, kafin a taɓa wanda aka yaudara. Inda kuma tashi ya zama dole, a bi hukuncin kotu na 2017: a zauna da mutane, a nuna musu inda za su koma, sannan a kira katafila. Igiyar awon da aka ja a Makoko, ita za a ja a unguwar masu kuɗi ta Banana Island.

Damina na tafe. Ina roƙonka a fara kafa turakun nan daga Agiliti da Mile 12 kafin ruwan Oyan ya sake sauka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani mazaunin Zangon Agege, Legas