GWAJIN JINI KAFIN AURE BA RAUNIN TAWAKKALI BA NE



'Yan uwa matasa, akwai wata magana da ake yawan maimaitawa a zaurukanmu, daga Dutsi har cikin Daura: wai duk wanda ya nemi a gwada jini kafin ɗaurin aure, tawakkalinsa ne ya raunana. Abin mamaki, masu faɗin haka su ne ke ware zangarniyar gero mafi kyau su ajiye iri, su ne ke zaɓen bijimin da za su bari cikin garke. Ashe sai an zo kan 'ya'yan mutane ne lura ke zama rashin imani?

Kowane jariri rabin gadon halittarsa daga uba yake, rabi daga uwa. Mai jinin AS lafiyarsa ƙalau, yana noma yana kasuwa, amma yana ɗauke da S a ɓoye. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya bisa huɗu na zuwa da SS, wato amosanin jini ko sikila. A lura, kowane ciki na ce. Ba ɗa guda cikin huɗu ake nufi ba. Ana iya jera uku. Yaro ya kwana yana ihun ciwon ƙashi, sai dangin miji su ce matar ce ta kawo cuta, ko a ɗora wa mayu, alhali da babu S ɗin uban da yaron bai zama SS ba. Wannan zalunci ne.

Gadon da ke ɓuya ya bayyana a jikoki ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Bukhari ya ruwaito labarin baƙauyen da ya yi shakkar ɗansa saboda launin fata, Manzon Allah (SAW) ya kafa masa misali da raƙumansa jajaye da ke haifar mai ruwan toka. Sayyidina Umar (RA) kuma ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba. Wa zai koya masa tawakkali?

A 2024 Jihar Kano ta mayar da wannan gwaji doka. Mu kada mu jira doka. Sai dai a yi shi tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, domin idan an riga an haɗa lefe an sa rana, kunya ce ke hana kowa ja da baya.

Wassalam.