Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Kula Da Jami'o'i Ta Ƙasa



Kun wajabta darasin koyon kasuwanci a jami'o'in Najeriya, abin a yaba ne. Sai dai ɗalibin da ke tsaron shago a kasuwar Kantin Kwari da safe, ya ruga aji da rana, yana jin jiki: ga aikin malamai, ga jarrabawa, ga bashin masu ba shi kaya.

Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya ci wata takwas. Sana'a ce ta riƙe ɗalibai da yawa a lokacin, a cikinta suka koyi juriya.

Don Allah ku umarci jami'o'i su riƙa duba littafin cinikin irin wannan ɗalibi su ba shi maki, su kuma sassauta masa wa'adin miƙa aiki.