Lome: an gina wa shugabanni fada, an manta da masaukin baƙo

Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023, kayan ƴan kasuwar Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai suka koma bi ta tashar jiragen ruwa ta Lome, su ratso Burkina Faso kafin su iso gida. Alhazan da suka saba da Kwatano sun wayi gari suna kwanaki a babban birnin Togo suna jiran takardun duwan. Abin da suka tarar kuwa abin takaici ne: birni a bakin teku, mai rairayi da itatuwan kwakwa, mai kirarin karɓar baƙi, amma ɗakin kwana na mutunci a kan kuɗin da ya dace sai an sha wuya. Ko dai babban otel wanda zai cinye guzurin ma'aikacin gwamnati cikin dare biyu, ko kuwa ɗakin bayan gidan giya inda mai kamun kai ba ya iya shimfiɗa buzun salla.

Mahukunta za su ce rashin kuɗi ne. Tarihi ya ƙaryata su. A lokacin da fosfat ya yi tsada a 1974, gwamnatin Janar Eyadema ta zuba dukiya cikin manyan otel-otel, sai dai domin girman mai mulki ta gina su. Sunayensu ma sun isa shaida. Sarakawa sunan ƙauyen da jirgin saman Eyadema ya faɗi ne ran 24 ga Janairu 1974, ya fita da rai. Shi kuwa otel ɗin 2 Février, dogon benen nan da ya zarce mita 100 wanda aka buɗe a 1980, yana tuna ranar da shugaban ya komo Lome bayan haɗarin. Ginin da aka yi don kirari, ba a tambayar wane ne zai kwana a ciki ran da taro ya watse.

Taron kuwa ya watse. Farashin fosfat ya faɗi, bashi ya hau kai, aka shiga rikicin siyasa da dogon yajin aikin da ya soma a 1992, Turai ta tsai da taimakonta a 1993, masu yawon buɗe ido suka juya akala. Otel ɗin la Paix, da ke fuskantar teku, ya shekara da shekaru kango, iskar gishiri tana cin ƙarafunansa. An rufe 2 Février a 2006 da sunan gyara a hannun wani kamfanin Libiya, ya zauna kusan shekara goma ba baƙo ko ɗaya, sai a 2014 gwamnati ta karɓe shi. Me ya tashe ta daga barci? Kukan fatake? A'a, wani taron shugabanni ne kuma: babban taron Tarayyar Afirka kan tsaron teku, wanda aka shirya yi a 2015, aka ɗage shi har watan Oktoba na 2016 saboda gyaran bai ƙare ba. Ran wanka ba a ɓoyon cibiya.

Abin da ya fi ciwo shi ne Lome tana da tsarin saukar baƙi tun kafin benaye. A tsohon Zango na tsakiyar gari, maigida shi ke saukar da falke, ya ciyar da shi, ya adana kayansa, ya tsaya masa wajen ciniki. A 1977 hukuma ta rushe unguwar, ta kwashe mutanenta zuwa bayan gari, fiye da kilomita goma daga kasuwa. An kawar da masaukin talaka, ba a maye gurbinsa da kome ba.

Birnin da ke da cibiyar Ecobank, da bankin BOAD, da kamfanin jiragen sama na ASKY, ba shugabannin ƙasashe ke cika shi kullum ba. Masu cika shi su ne ɗan kasuwa mai jiran kwantena, da ma'aikacin da aka turo taron ƙara wa juna sani, da iyalin da suka zo ganin teku. Buƙatarsu ba ta da yawa: ɗaki mai tsabta, ruwa a famfo, lantarki da ba ya yankewa, ƙofa mai kulle, da farashi rubutacce wanda ba ya ninkuwa in an ji taro ya kusa. Irin wannan otel mai ɗaki talatin ko arba'in ƴan kasuwar gida ke iya gina shi, in an ba su takardar fili marar gardama, da bashin banki mai dogon wa'adi, da masu bincike da ba a saye da goro. Amma minista ba ya samun hoton yanke ƙyalle a gaban ƙaramin gini, shi ya sa ba ya cikin jawabi.

Kada magabatan Yamai su yi dariya. Domin taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019 ne aka gina Radisson Blu, da Noom, da Bravia. Malamin makarantar da ya taso daga Gure neman takardun ritaya, a wanne daga cikinsu zai sauka? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.