A kai ɗaliban malanta ajin zana kafin a damƙa musu alli

Kowace shekara makarantar horar da malamai ta Kaocen da ke Tawa, wadda kowa ya fi sani da ENI, tana yaye samari da 'yan mata riƙe da takardar CFEEN. Kafin su kai ga takardar an koya musu yadda ake tsara darasi a rubuce: minti kaza na bitar karatun jiya, minti kaza na sabon abu, minti kaza na gwaji a kan allo. An kuma karantar da su ɗa'ar aiki da dokokin makaranta, cewa malami ya zo kan lokaci, ya tsare mutuncinsa, ya daidaita tsakanin ɗan maigari da ɗan talaka, kada ya mai da ɗalibi ɗan aikensa. Duk wannan ba shi da laifi. Sai ranar da takardar tura aiki ta fito, a ce wane ka nufi wani ƙauye a gundumar Takanamat, arewa maso yammacin Tawa. A takarda makaranta ta buɗe tun watan Oktoba, amma ajin da zai koyar a ciki bai tashi ba tukuna, domin karan da za a yi rumfar yana tsaye a gona, sai an gama girbin hatsi. Idan rumfar ta tashi, ga yara zaune a ƙasa, ga allo jingine da ice, ga iskar hunturu tana shigowa ta kowace kafa. Yawancin iyaye maza sun tafi biɗa, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Najeriya. Yaran aji ɗaya ba su taɓa jin Faransanci ba, kuma a cikinsu akwai mai Adaranci, akwai mai Tamajak, akwai mai Fillanci. Sufeto yana nesa, darekta ma wataƙila yana riƙe da aji biyu.

A irin wannan wuri ake gane ko mutum yana da ɗa'ar malanta. Ba mai ganinsa idan ya shiga aji da ƙarfe tara maimakon takwas, ba mai tambayarsa idan ya ƙara kwana biyu a birni bayan ya je karɓar kuɗin wata. Abin da zai yi a lokacin ba daga darasin da ya haddace don jarrabawa zai fito ba, zai fito ne daga abin da idonsa ya saba gani malamai suna yi. Saboda haka nake ganin wurin da ya fi cancanta a zuba ƙarfi a horon malamai shi ne lokacin gwajin koyarwa, wanda ɗalibai ke kira sitaj: a ina ake yin sa, a hannun wa, kuma wa ke zama da ɗalibi ya tambaye shi abin da ya gani.

Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Dan Lortie, ya yi wata lura a 1975 wadda har yau ba ta tsufa ba. Ya nuna cewa malanta ta bambanta da sauran sana'o'i, domin mai shiga cikinta ya riga ya shafe wajen sa'o'i 13,000 yana kallon malamai suna aiki tun yana ɗalibi. Mai son zama likita bai kwana a ɗakin tiyata tun yana ɗan shekara bakwai ba, amma ɗalibin ENI ya yi aƙalla shekara goma, shida a firamare huɗu a kwaleji, yana kallon mushe da madam. Ya ga wanda ke rubuta darasi a allo ya ce a kwafa, ya fita hira a gindin bishiya. Ya ga wanda bulala ce amsarsa ga kowace tambaya. Ya kuma ga, in ya yi sa'a, wadda ke tsayawa bayan an tashi don yaron da bai gane ba. Da wannan kayan yake shiga makarantar horo, kuma wata tara ko shekara biyu na lacca ba za su kankare shi ba. Malaman zaure sun daɗe da sanin haka. Shi ya sa almajirin da ya yi nisa ake ba shi ƙanana ya biya musu a gaban malam, ana kallonsa, ana gyara masa murya da zama da yadda yake tsawatarwa, kafin a ce ya isa ya kafa nasa zauren.

To ina ake yin sitaj? Galibi a makarantun cikin gari, waɗanda ke kusa da makarantar horon, masu azuzuwan siminti da benci, inda yaro ya taɓa jin Faransanci a rediyo ko a bakin yayansa. Ranar da masu dubawa za su zo, ɗalibi yakan kwana yana ƙawata takardar darasinsa da jan biro da shuɗi, ya aro kayan nuni, wani lokaci ma a bi darasin da yara tun jiya domin hannuwa su tashi da yawa. Ana ba shi maki mai kyau, kowa ya watse da murna. Darasin da ya ɗauka a ranar, wanda ba a rubuta a manhaja ba, shi ne cewa aikin kirki abu ne da ake yi ranar da manya ke kallo. Idan kuma malamin ajin da aka haɗa shi da shi ya ɗauki zuwan ɗan sitaj a matsayin hutu, ya miƙa masa alli ya tafi sabgarsa, to ya koya masa darasi na biyu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Gyaran da nake kira a yi ba shi da wuyar faɗa. Kowane ɗalibin malanta ya yi wani kaso mai tsoka na gwajinsa, makonni a jere, a makarantar karkara irin wadda za a tura shi gobe, yana kwana a garin. A zaɓo malamin da zai riƙe shi saboda an san halinsa, a ba malamin ɗan horo da ɗan alawus, a sa aikin cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma. Sannan ɗalibi ya riƙe littafi guda da yake rubuta abin da ya faru kowace rana. Ba kwafin darasi nake nufi ba. Ina nufin ya rubuta cewa yau yarinyar da ke zama a ƙarshen tabarma ba ta buɗe baki ba, kuma sai bayan an tashi ya gano Hausarsa ce ba ta ji. Ko cewa ya daka wa wani yaro tsawa don ya makara, daga baya ya ji daga rijiya yake, ya shayar da awaki kafin ya zo. Da yamma malamin da ke riƙe da shi ya karanta, su zauna su tattauna: me ka yi, me ya sa, gobe fa? A irin wannan zama ne kalmomi kamar adalci da haƙuri da riƙon amana ke samun fuska da suna.

Akwai masu cewa wannan duk ado ne, matsalar ta fi haka zurfi, domin malamai da yawa ba su ƙware a abin da suke koyarwa ba. Hujjarsu tana da ƙarfi. A watan Yuli na 2017, lokacin da Daouda Mamadou Marthé ke ministan ilimin firamare, an yi wa malamai 'yan kwantiragi jarrabawa a faɗin ƙasa, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki. Binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ƙasashe goma masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa a Nijar ko kashi 10 cikin ɗari na yaran ajin ƙarshe ba su kai matakin da ake buƙata a karatu ba. Ba mai musun cewa wanda bai iya rabawa ba ba zai koyar da rabawa ba. Amma a duba yadda aka kai ga haka. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, da 'yan sa-kai na ilimi, sannan da 'yan kwantiragi a zamanin shirin shekara goma na bunƙasa ilimi da ya fara a 2003, an buɗe makarantu da sauri, an cika su da mutanen da da yawansu ba su taɓa tsayawa kusa da gogaggen malami ba. Ƙarancin sani da ƙarancin reno tare suka shigo. Kuma mai gyara gibin iliminsa shi ne malamin da ke jin kunyar tsayawa gaban yara bai shirya ba, wanda zai tambayi abokin aiki a taron malamai na CAPED ba tare da girman kai ba. Wannan kunyar ita ma ɗa'a ce, kuma a wurin wani ake ganinta a ɗauka. A zagayen PASEC na 2019 adadin yaran da suka kai matakin ya tashi zuwa wajen kashi 30, abin da ke nuna cewa lamarin yana motsawa idan an taɓa shi.

Wasu kuma za su ce, kuma su ne suka fi ba ni tausayi, da wane baki za a yi wa mutum wa'azin amana alhali kuɗin watansa na makara, mai shago na binsa bashi, kuma yana koyarwa a rumfar da wuta ke iya lashewa cikin minti kaɗan? Ba a manta da gobarar unguwar Pays-Bas a Yamai a watan Afrilu na 2021, da ta Maraɗi a watan Nuwamba na shekarar, inda yara ƙanana fiye da arba'in suka rasu a azuzuwan zana. Gaskiya ne, hukumar da ba ta cika alƙawari tana koyar da rashin cika alƙawari, kuma darasinta ya fi na kowane malamin ɗa'a shiga jiki. Sai dai wannan hujja ce a kan a biya malamai kan lokaci, ba hujja ce a kan a ɓoye wa ɗalibi inda za shi ba. Wanda ya ga ajin zana tun yana ɗalibi, ya ga yadda wani ke riƙe da shi da mutunci, yana da zaɓi: ya shiga da idonsa buɗe, ko ya nemi wata sana'a tun da wuri. Wanda aka yi wa rufa-rufa shi ne ke isa ƙauye ranar Litinin ya fara neman hanyar canjin wuri ranar Talata.

Saura batun kuɗi da tsaro. Arewacin jihar Tawa ba wurin wasa ba ne. Harin da aka kai wa garuruwan yankin Tiliya a watan Maris na 2021 ya ci rayuka 137, kuma ba mai hankalin da zai ce a tura ɗalibai inda jami'an tsaro suka ce kada a je. Amma Adar tana da faɗi, akwai ɗaruruwan makarantun karkara tsakanin Illela da Keita da Buza da kewayen Tawa kanta waɗanda ke zaune lafiya. Masauki kuwa, jihar nan tana da abin da za ta dogara a kai. A Tawa ne aka fara shirin Makaranta Don Kowa a 2004, da tallafin hukumar JICA ta Japan, inda iyaye ke zaɓen kwamitin kula da makaranta da ƙuri'a, su tsara aikin shekara, su tara abin da za su iya. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasa baki ɗaya. Kwamitin da ke iya tara kara ya kafa aji kowace kaka zai iya samar wa ɗalibai biyu ɗaki, kuma ga 'yan mata a sauke su gidan wata dattijuwa da gari ya yarda da ita. Garin da ya ciyar da ɗan sitaj wata biyu zai san shi, shi ma zai san cewa yaran nan suna da iyaye masu ido.

Abin da na fi jin tsoro shi ne littafin tunanin ya zama wata takardar cikewa. Idan aka ce za a ba shi maki, kuma dole da Faransancin ofis, to cikin shekara biyu za a samu samfuri yana yawo a WhatsApp, kowa ya kwafa: darasi ya tafi daidai, yara sun fahimta, an cimma manufa. Maganin shi ne a bar ɗalibi ya rubuta da harshen da yake tunani da shi, kuma kada a hukunta shi don ya amsa kuskure. Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage, tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wanda zai koyar da yaran Takanamat karatu da harshensu ya kamata a ce ya taɓa rubuta shafi guda na gaskiya da harshen. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa tana da tsangayar ilimin tarbiyya, tafiyar 'yan mintuna daga ENI. Da za a tara irin waɗannan littattafai na shekara uku, a cire sunaye, a miƙa wa malamanta da ɗalibanta su nazarta, da masu tsara manhaja a Yamai sun samu bayanin abin da ke faruwa a aji ɗaya na ƙauyen Adar tsakanin ƙarfe takwas da sha biyu, daga bakin waɗanda suka tsaya a gaban allon.